Duwatsun ƙasarmu shaidu ne, kada mu ɓatar da su

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Adar, wajen Keita ko Buza, ya san akwai wani abin mamaki warwatse a ƙasa, wanda yara masu kiwon awaki suka saba da shi har ba su ɗauke shi bakin komai ba. Mutum zai ga ɓawon kawa da katantanwa iri-iri sun sandare sun zama dutse, ya ga wasu ƴan dunƙule-dunƙule masu zanen tauraro a gadon bayansu, wani lokaci ma ya tsinci haƙorin kifi mai tsini, da kaifinsa kamar jiya ya faɗi. Alhali kuwa daga Tawa zuwa bakin teku mafi kusa akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. To, wa ya ɗauko kayan teku ya zuba su bisa tsaunin da ko rijiya sai an sha wuya kafin a cim ma ruwa?

Ba wanda ya kawo su. Nan suka rayu, nan suka mutu, tekun ne ya janye ya bar su. Dalilin da ya sa muka keɓe wannan shafi na yau ga zancen duwatsu da ƙasusuwa, alhali ga zancen cimaka da tsadar hatsi na jira, shi ne: waɗannan abubuwa su kaɗai ne shaidun da suka ga yadda yanayin ƙasarmu ya riƙa juyawa tun kafin a yi mu, kuma abin da suke faɗi ya shafi gonar da muke nomawa da ruwan da muke sha. Ga shi kuwa muna barin ana kwasarsu ana sayarwa a kan kuɗin goro.

Karanta ƙasa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Mai haƙar rijiya ya san shi tun kafin a gina makarantar boko. Ya san bayan rairayi sai jar ƙasa, bayan jar ƙasa sai marmara, sa'an nan laka, sa'an nan tsakuwar da ke gaya masa ruwa ya kusa. Ya kuma san abin da ke ƙasa ya riga na bisa kwanciya, kamar yadda tabarmar da ke ƙarƙashin tuli ita aka fara shimfiɗawa. Masanan duwatsu daga nan suka tashi, sai dai sun ƙara da tambaya guda: mene ne ya shimfiɗa kowane hawa? Laka mai laushi, sai ruwan da ke kwance. Tsakuwa mai sulɓi, ruwa mai gudu ne ya goge ta. Rairayin da ƙwayoyinsa suka zo kai ɗaya, ya kwanta a karkace, aikin iska ne. Gishiri da kanwa kuwa, wurin da ruwa ya tsaya ne har rana ta shanye shi. In kuma aka tarar da ƙashin kada ko na dorina cikin wannan hawa, magana ta ƙare, domin kada ba ya zama inda babu ruwa. Har ƙurar furanni, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, tana daɗewa cikin laka shekaru dubbai, ta faɗi irin itatuwan da suka tsiro a wurin.

Wani zai ce, to, shekarun da ake lissafawa fa, miliyon kaza da miliyon kaza, ba lissafin dokin Rano ba ne? Tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa. A ɗauki misalin randa mai yoyo: in ka san yawan abin da take zubarwa kowace sa'a, ka duba abin da ya rage, za ka san tun yaushe aka cika ta. Kowane mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira karbon 14, wanda ke fara raguwa daga ranar mutuwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. Da shi ake auna ƙashi da gawayi da itace, har zuwa wajen shekara 50,000. Abin da ya wuce nan sai a koma ga waɗansu ma'adinai masu jinkiri, cikinsu har da uraniyom ɗin nan namu na Arlit, wanda ke rikiɗa a hankali ya zama darma, rabinsa cikin shekara miliyon 4,500. Awo ne, kuma kamar kowane awo yana da ɗan kuskurensa, shi ya sa za ku ji muna cewa «kimanin». Amma ba ƙirƙira ba ce.

Hawa mafi tsufa da za mu ambata shi ne mafi wuyar gaskatawa. Can arewa maso gabas, a duwatsun Jado, inda yau zafi ke fasa dutse, an tarar da faffaɗan fa da aka karce da dogayen layuka, duka sun nufi waje guda. Irin wannan karta ba a san mai yin ta ba sai tulin ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita, in yana jan ciki da tsakuwa a ƙarƙashinsa. Kimanin shekara miliyon 445 ke nan, lokacin da wannan yanki na Afirka yake kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Domin ƙasashen duniya ba a kafe suke ba, suna tafiya, ƴan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Bayan nan aka yi zamanin fadamu da kurmi, fiye da shekara miliyon 300 da suka wuce, wanda itatuwansa suka ruɓe cikin ruwa, ƙasa ta danne su suka zama gawayin dutsen nan na Anu Araren da ake ƙonawa a samu wutar lantarki a jihar Agadas. Sa'an nan, kimanin shekara miliyon 255, duk ƙasashen duniya suka haɗe wuri guda, tamu ta faɗa tsakiya, nesa da kowane teku, ta zama hamada. Kusa da Arlit an tono dabbobin wancan zamani, har da wata mai girman saniya, mai ƙulla-ƙulla a ka, da aka sa wa suna Bunostegos akokanensis don tunawa da Akokan.

Amma wurin da ya ɗaukaka sunan Nijar a wannan fanni shi ne Gadufawa, cikin Tenere, fiye da kilomita 100 daga Agadas. Abzinawa sun daɗe da sanin ƙasusuwan da ke kwance a wurin. Masu neman uraniyom ne suka kai labari Faransa, sai wani saurayin masani, Philippe Taquet, ya zo ya fara aiki a 1965. Abin da ya tarar makabarta ce ta dabbobin da suka rayu kimanin shekara miliyon 110 da suka wuce, ƙasusuwa jere a fili, iska ta yaye musu rairayi. Daga nan aka sami kadan nan Sarcosuchus imperator, da aka sa wa suna a 1966, wanda tsawonsa ya kai mita 9 zuwa 12 bisa ga lissafin masana dabam-dabam, kansa kaɗai ya kai tsayin mutum. Daga nan aka sami dinozor mai suna Ouranosaurus nigeriensis, mai cin ganye, mai tsawon mita 7, da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya; an bayyana shi ga duniya a 1976, aka kuma maido ƙasusuwansa Yamai, Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama. Daga baya wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya zo da ƙungiyarsa, suka fito da Suchomimus mai kamun kifi a 1998, da Nigersaurus a 1999. Wannan na ƙarshe halitta ce ta ban al'ajabi: bakinsa faffaɗa ne kamar bakin shebur, da haƙora fiye da 500, kowane haƙori na sauyawa cikin mako biyu, yana tafe kansa a sunkuye yana kiwon ganyayen da ke ƙasa-ƙasa.

Girman waɗannan dabbobi shi ke jan ƴan kallo, amma ba shi ne darasin ba. Darasin yana cikin cikinsu. Kada mai mita 10 kifi nawa zai ci a shekara, kuma wane irin kogi ne zai ɗauke shi? Garken dabbobi masu nauyin giwa ganye nawa za su buƙata? Tare da su an sami ƙasusuwan kififiya, da manyan kifaye, da haƙoran dangin gaiwa, wannan kifi da masuntanmu suka sani yana shiga laka ya kwanta in tabki ya ƙafe. A gindin dutsen Tigidit, ta wajen Marandet da Ingal, ga gungumen itatuwa nan kwance sun zama dutse. Ashe inda ayari ke tsoron ƙishirwa a yau, dā manyan koguna ne da kurmi. Wani abu kuma: an sami ɗan'uwan kadan Gadufawa a ƙasar Birazil. Kada bai iya ƙetare babban teku ba. Abin da ya faru shi ne a wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba.

Yanzu sai mu komo ga katantanwar Adar. Daga kimanin shekara miliyon 95 da suka wuce duniya ta yi zafi ƙwarai, babu tulin ƙanƙara a ƙuryoyinta kamar na yau, ruwan teku ya cika ya hau bisa tudu. Wani hannun teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, har ya haɗu da tekun kudu ta ƙasar Nijeriya. Ya zo, ya janye, ya sake dawowa, bai tafi gaba ɗaya ba sai wajen shekara miliyon 50 da suka wuce. A Damargu, kewayen Tanut, ya bar wasu katantanwa masu naɗi kamar ƙahon rago, waɗanda masana ke kira amonit. A jihar Tawa ya bar ƙasusuwan manyan ƙadangarun ruwa, irin waɗanda aka tono kuma a Goronyo, cikin ƙasar Sakkwato, domin teku bai san iyakar da Turawa suka shata ba. Ɓawon ƙananan halittunsa ya taru ya zama farin dutsen da ake ƙonawa a Malbaza tun shekarun 1960 a yi siminti. Wanda ya gina ɗaki da simintin Malbaza, da ƙasan teku ya yi gini, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk wannan tsohon labari ne, na zamanin da babu ɗan Adam. Wanda ya fi shafarmu shi ne na jiya-jiya, watau shekara 20,000 da suka wuce zuwa yau, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa.

A farkon wannan lokaci ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da na Amurka, ruwan teku ya sauka da mita 120, mu kuma nan aka yi fari irin wanda ba a taɓa ba da labarinsa ba. Hamada ta gangaro kudu da kilomita 400 zuwa 500. Tabkin Cadi ya ƙafe, iska ta gina tuddan rairayi a cikinsa; tsibiran da ke gefensa na gabas kawunan waɗannan tuddai ne. A 1958 wani masanin Ingila, A. T. Grove, ya duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya ga ƙasar Hausa cike take da dogayen tuddai jere da juna, duka sun bi hanyar iskar hunturu, har cikin ƙasar Kano. Ya gane cewa tsohuwar hamada ce ta kwanta. Manomin Maraɗi da na Damagaram, jigawar nan da kake shuka hatsi a kai, wadda ka gada daga kakanka, tudun rairayi ne irin na Tenere. Ba abin da ya ɗaure shi sai saiwar ciyawa da ta itace.

Daga nan al'amari ya juye. Tun daga kimanin shekara 11,000 har zuwa 5,000 da suka wuce, damina ta riƙa kaiwa can cikin Sahara. Kwarin Azawak da Dallol Boso da Dallol Mawri, da kwarin Tarka da Gulbin Kaba, waɗanda yau muke gani faffaɗa ba ruwa, koguna ne masu gudu. Tabkin Cadi ya kumbura ya kai murabba'in kilomita 350,000, watau fiye da rubu'in faɗin Nijar duka. Tsohon gaɓarsa na nan har yau, dogon tudu ne da ya bi ta kusa da Ngigmi, ya ratsa Maiduguri da Bama. A kwatanta da 25,000 da aka auna a 1963, kafin farin da ya biyo baya ya tsuke shi. A Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, wani Bafillace mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. A Dabus kuma, arewa da Agadas, wani gwani da ba mu san sunansa ba ya sassaƙa raƙumin dawa bisa dutse, tsawonsa ya fi mita 5, da kowane zane na fatarsa. Wanda bai zauna da dabba yana kallonta ba, ba zai iya wannan aiki ba.

Amma shaidar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta Gobero. A shekara ta 2000, ƙungiyar Sereno na neman dinozor cikin Tenere, sai suka faɗa kan ƙasusuwan mutane a bisa wani tudu. Binciken da ya biyo baya, wanda masananmu Abdulaye Maga da Umaru Ide suka sa hannu a ciki, aka kuma buga a 2008, ya gano kaburbura kimanin 200 a bakin wani tsohon tabki. Mutanen farko, dogaye ƙarfafa, sun zauna wurin tun daga wajen shekara 9,700 da suka wuce. Masunta ne da mafarauta: an tarar da zagunansu na ƙashi, da ƙayar giwan ruwa manya-manya, da ƙashin dorina da kada. Sa'an nan, wajen shekara 8,200 da suka wuce, fari ya zo, tabkin ya ƙafe, wurin ya zama kufai har shekara 1,000. Da ruwa ya komo sai wasu mutane dabam suka zo, sirara, waɗanda suka san shanu. Cikinsu aka tarar da wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta. Aka kuma tarar da kabari guda, mace da yara biyu, suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Ƙurar furen da ke ƙarƙashinsu ta sa masana ke zaton a kan furanni aka kwantar da su. Wajen shekara 4,500 da suka wuce ruwan ya tafi, bai sake dawowa ba. Icen nan na Tenere, wanda mota ta kayar a 1973 aka kawo gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwan da ke gudunta.

Me ya kawo wannan juyi? Duniya na juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda kanta ke ɗan layi tana cikin gudu. Wannan layi, tare da sauyin hanyar da take bi tana kewaya rana, yana cika zagaye guda cikin kimanin shekara 21,000. A zamaninmu duniya ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, tsakiyar sanyinmu. Shekara 11,000 da suka wuce kuwa, kusancin yana faɗawa ne cikin watannin damina, sai Sahara ta ƙara zafi, ta riƙa jawo iskar teku mai laima har can arewa. Ciyawa ta tsiro, tabkuna suka cika, su kuma suka ƙara jawo hadari. Game da yadda abin ya ƙare, masana sun yi gardama. Lakar da aka haƙo daga ƙasan teku daura da Muritaniya, aka ba da sakamakonta a 2000, ta nuna ƙura ta ƙaru farat ɗaya kimanin shekara 5,500 da suka wuce. Ta tabkin Yowa, a arewacin Cadi, wadda aka bayyana a 2008, ta nuna itatuwa da ciyawa sun ja baya sannu a hankali. Mai yiwuwa kowanne da gaskiyarsa a wurinsa. Ga mutumin Gobero dai, da sannu da gaggawa, ƙarshenta ƙaura ce.

A nan ne muke son mu ja kunne, domin mun sha jin wasu, har da masu ilimi a ofisoshi, suna cewa tun da yanayi ya saba juyawa tun fil azal, to, zancen sauyin yanayi na yau surutu ne, a bar wa Allah ikonsa. Ikon Allah ba a gardamarsa, amma Shi ne ya ba mu ido da hankali, kuma wannan magana ta karanta rabin shaida ne ta bar rabi. Layin da duniya ke yi yana ɗaukar shekaru dubbai, bai isa ya bayyana zafin da ya ƙaru cikin shekara 150 ba. A ƙuryar kudu ta duniya an haƙo ƙanƙara mai shekara 800,000, da ƴan kumfar iskar kowane zamani a kulle cikinta. Duk tsawon wannan lokaci iskar nan mai riƙe zafi, wadda ke fita daga ƙona gawayi da man fetur, ba ta wuce kashi 300 cikin miliyon ba. Kafin zamanin masana'antu tana 280. A 2024 ta haura 420. Ba mu ne muka hura wannan wuta ba, manyan ƙasashe ne, amma hayaƙin bai tambayi mai shi ba. Haka nan waɗanda suka ga ruwan 2024, wanda ya kai har ƙasar Abzin, ya kuma rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram a watan Satumba, suka ce ai Sahara za ta koma kore, su ma sun yi gaggawa. Damina guda ba ta zama yanayi, kamar yadda farin 1973 da na 1984 ba su mai da Maraɗi Tenere ba. Abin da duwatsu suka tabbatar shi ne ƙasarmu a bakin iyaka take, ɗan motsi kaɗan ya isa ya kai damina arewa ko ya maido ta kudu da ɗaruruwan kilomita.

Saboda haka wanda ya sare gawo ko ya tuge kalgo a jigawa, ya tuna mece ce ke kwance ƙarƙashin ƙafarsa. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun tsakiyar shekarun 1980, suka bar tsiron kututture ya girma a gonakinsu har abin ya kai kimanin hekta miliyon 5, sun yi aiki da wannan ilimi ba tare da sun karanta shi a littafi ba.

Zancen ruwa ya fi wannan nauyi, kuma ga ma'aikatan hukuma muke nufi da shi. Ruwan rijiyar fadama kowace damina yana samun ƙari. Amma ruwan da ake cim ma da foraj mai zurfin ɗaruruwan mita, wanda wani wuri har tsartuwa yake yi da kansa, yawancinsa ruwan saman waɗancan zamunna ne da ya nutse ya kwanta. A kwarin tabkin Cadi an auna wanda ya kai shekara 20,000. Gado ne, ba albashi ba. Abin da aka ɗiba ba zai komo a zamaninmu ko na jikokinmu ba. Ba mu ce kada a taɓa shi ba, mai ƙishirwa ba a ce masa ya jira. Amma foraj da aka bari yana kwarara dare da rana don an rasa mai gyara famfo, ko babban aikin noman rani da aka zana ba tare da an auna shekarun ruwan da za a ɗora shi a kai ba, cin dukiyar marayu ne.

To, ina muka ajiye shaidun da suka gaya mana duk wannan? Mai wannan rubutu ya taɓa tsayawa a wata tasha, kan hanyar arewa, wani yaro ya miƙo masa gwangwanin madara cike da haƙoran kifi da kan kibiya na dutse, duka a kan dala ɗari. Da aka tambaye shi inda ya samo su sai ya nuna daji da haɓa. Ba laifin yaron ba ne, yunwa ce da rashin sani, da kuma manyan da ke saye a buhu su fitar waje. Amma ɓarnar da aka yi ta wuce kuɗi. Ƙashin da aka ɗauke daga kwancinsa kamar shafi ne da aka yage daga littafi: ba a san hawan da ya fito ba, ba a san abin da ke kusa da shi ba, ba ya iya ba da shaida kuma. Akwai doka, ta ranar 30 ga watan Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihin ƙasa, ta kuma hana tono da fitarwa ba da izini ba. Jandarmomi nawa, ƴan duwan nawa, masu gari nawa aka taɓa karanta wa ita cikin harshen da suke ji?

Game da ƙasusuwan da aka kai Paris da Shikago da wasu birane domin bincike, ba mu ga amfanin zagin baƙin da suka yi aikin ba, sun yi wahala, sun kuma fito da sunan ƙasarmu. Haƙƙinmu ne mu nemi a maido, amma wanda ke neman a maido masa kaya sai ya tanadi ɗakin ajiya, da rufin da ba ya yoyo, da ma'aikacin da ya san aikin kuma ake biyansa. Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyarta ta bincike, IRSH, suna da mutane. Abin da ya kamata shi ne a ba su mota da mai da kayan awo, a kuma tura ɗalibai su ƙware, don kada kullum mu zama masu nuna hanya da ɗaukar kaya a cikin tarihin ƙasarmu. Mu kuma masu aikin fassara muna da namu bashi. Har yau ba mu daidaita kan kalma guda ta Hausa da za ta ɗauki ma'anar halittar da ta zama dutse ba, kowa na kewaye-kewaye kamar yadda muka yi a wannan shafi. Ƙaramin littafi mai hotuna, da Hausa da Tamajak da Zabarmanci da Barbarci da Fillanci, wanda za a karanta a azuzuwan yaƙi da jahilci, ba zai ci kuɗin taro guda na babban otel ba.

Kafin a kai ga nan, akwai abin da kowa zai iya. Makiyayi ko manomin da ya ga ƙashi ko katantanwa ko tukunya sun leƙo daga ƙasa, kada ya tono, kada ya wanke, kada ya tara su wuri guda don gyara. Ya sa alama da duwatsu, ya gaya wa mai gari, shi kuma ya kai magana ga hukumar gunduma, ita ta sanar da ma'aikatar al'adu. Malamin makaranta ya rubuta ranar da wurin da sunan wanda ya gani. Masu haƙar rijiya da masu foraj kuma, su da suke ratsa hawa-hawan nan kullum, a roƙe su su riƙa ware ɗan dunƙulen ƙasa daga kowace gaba, a jera bi da bi, a rubuta zurfin kowanne, a miƙa wa ma'aikatan ruwa na jiha tare da takardar aikin.